Direban da Aka Ɗora wa Laifin Giyar Mota

Akwai wani direba mai suna Falalu, mutumin Bichi, da ya zauna a Onitsha shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa. Lokacin mutanenmu sun fara dawowa kudu, kuɗin fetur ya buɗe kasuwa, kowane mai hali yana neman mota.

Falalu yana jan wata akori-kura ƙirar Fijo ta Alhaji Awwalu, dillalin albasa da wake a kasuwar Head Bridge. Kullum da asuba ya yi lodi ya nufi Abakpa Nike a Enugu, kafin la'asar ya dawo. Shekara uku ke nan, ko kaza bai taɓa takawa ba.

Falalu mutum ne mai in'ina. Kafin ya gama jimla ɗaya, mai sauraro ya gaji ya ƙarasa masa. Shi ya sa ya zama mai yawan shiru.

Wata safiya ya tayar da motar, sai ya ji ƙarar injin ta canza. Bai taka totur ba, amma injin yana ta gurnani kamar ana hawan tudu. Bayan kwana uku giya ta fara gardama. In zai sa lamba ɗaya ko ribas, sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, motar ta yi tsalle.

Ya je wurin maigidansa ya durƙusa.

"Alhaji, i-i-injin ne ya fa-fara..."

"Na ji, na ji. A kai ta gareji."

Bakaniken farko ya ja giyar sau biyu, ya girgiza kai. "Oga, gearbox don die," in ji shi. Wato giyabos ɗin ya mutu. Ya ƙara da cewa mugun tuƙi ne ke jawo haka.

Ran Alhaji ya ɓaci. A gaban 'yan dako da masu awo ya karɓe makulli daga hannun Falalu.

"Na ba ka amana ka kashe mini mota! Je ka, na sallame ka."

Falalu ya buɗe baki, kalmar ta maƙale a maƙogwaronsa. Wasu suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya tafi.

A gida, matarsa Ramlatu, wadda cikinta ya tsufa, ta ce, "Malam, ka koma ka yi masa bayani mana. Ko ni in je?"

Ya ce a'a, Allah ya ga gaskiyarsa. Washegari ya naɗa gammo ya shiga cikin 'yan dako, a kasuwar da kowa ya san shi da sitiyari. Ya wuce Alhaji da buhu a ka, ya gaishe shi kamar kullum. Alhaji ya kau da kai.

Aka sauke giyabos aka sa wani, aka ɗauki sabon direba. Ƙarar ba ta daina ba. Aka canza kuloci, nan ma shiru. Ranar da motar ta ƙi shiga giya a hanyar Awka, albasa ta wuni a rana har rabinta ya lalace.

Kwana goma sha biyu bayan korar, Falalu yana sauke buhu sai ya ji an kira sunansa. Alhaji ne, yana magana yana kallon gefe.

"Akwai wani tsohon bakanike, Mazi Nwafor. Ya ce ba zai taɓa motar ba sai ya ga wanda ya saba jan ta. Ka zo mu je."

Falalu ya ajiye gammonsa ya bi shi.

Mazi Nwafor ya yi shekara ashirin a Jos kafin yaƙi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya jawo benci ya ba Falalu.

"Zauna, ɗana. Me ka fara ji?"

"Ƙa-ƙa-ƙarar..."

"Ƙarar giya yake nufi," in ji Alhaji.

Tsohon ya ɗaga hannu. "Alhaji, da kai ne ka ja ta, da kai zan tambaya. Bar shi, ba sauri muke ba."

Falalu ya gyara zama. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba, ya faɗi komai. Injin ne ya fara gudu shi kaɗai, sai bayan kwana uku giya ta biyo baya. Kuma in ya buɗe bonet yakan ji wani ɗan fito siriri ta gefen kafireta.

Mazi Nwafor ya ce a tayar da motar. Ya kara kunne, yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Can ya danna babban yatsansa a kan wani ɗan tiyon roba da ya tsage ta ƙasa. Nan take gurnanin ya faɗi, injin ya koma numfashi a hankali.

"Iska yake sha ta nan," in ji shi. "Shi ya sa injin yake gudu. In inji yana gudu haka, giya ba za ta shiga da daɗi ba. Giyabos ɗin farko ma lafiyarsa ƙalau. Da direba marar kula ne, da tuni ya kakkarya haƙoranta."

Ya yanko sabon tiyo ya ɗaure. Falalu ya shiga, ya taka kuloci, ya ja giya. Ta shige ba ko ƙis.

Alhaji ya zagayo ya tsaya a bakin tagar direba, ya cire hularsa ya riƙe.

"Falalu, ka zo ka gaya mini tun da farko, na katse ka. Na ci mutuncinka a banza. Ka yafe mini don Allah."

Idon Falalu ya cika da ƙwalla. Ya fara magana, kalmar ta maƙale. Wannan karon Alhaji ya tsaya ya jira, har ta fito.

"Na... na yafe, Alhaji. Shi-shigo mu tafi, lodi yana jira."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka bar shi ya gama maganarsa. Sau da yawa inda matsala ta bayyana ba nan ta samo asali ba, kuma wanda ka raina bakinsa shi ne yake riƙe da amsar. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu mutane a ƙarƙashinsu.