Injin Bulo da Ɗakin Rahila

Akwai wani mutum mai injin buga bulo, sunansa Istifanus. Injin yana da hannun ƙarfe a cikin silinda, wato wani bututun ƙarfe, mai ne ke tura shi ya sauko ya danne yashi da siminti. A cikin silindar kuma akwai wani siririn ma'auni wanda ido ba ya gani. Aikinsa shi ne ya faɗa wa allon injin inda hannun ya kai, domin ya tsaya daidai.

Shekara bakwai Istifanus da matarsa Rahila suna zaune a ɗaki ɗaya mai yoyo. Ya yi mata alkawarin sabon ɗaki kafin damina, mai taga ta gabas, gama tana son hasken safiya.

Wata rana silindar ta fara zubar da mai, sai ya kwance ta ya canja roba. Ƙa'idar aikin ita ce, bayan gyara a kankare farantin injin tas, a sauke hannun har ya taɓa ƙarfe, sa'an nan a danna maɓallin sifili, domin daga nan ma'aunin ke fara ƙirga. Amma Istifanus yana sauri. Busasshen siminti mai kaurin yatsa ya kama farantin, bai kankare ba. Hannun ya sauka a kansa, ya danna sifili, ya share farantin sama-sama daga baya, ya ci gaba da aiki. Allo ya nuna lambar da ya saba gani, ya buga bulo ɗari uku yana fito.

Da safe Rahila ta zo ba bulon ruwa, kamar yadda take yi. Ta zuba, ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Baban Murna, bulon nan naka yana shan ruwa kamar garin kwaki."

Ya ce, "Ke da ba ki san inji ba. Allo ya ce daidai ne."

Ta murza gefen guda ɗaya da yatsa, ya zube. Ta ce, "Kai ka tambayi allo, ni na tambayi bulo. A cikinsa za ka kwantar da ni da Murna?"

Hadari ya riga ya fara haɗuwa da yamma, kwanakin sun ƙure. Istifanus ya tuna da busasshen simintin nan, ya gane cewa ma'aunin bai yi ƙarya ba. Shi ne ya nuna masa ƙasa inda ba ƙasa ba, don haka kowane bugu hannun yana tsayawa yatsa ɗaya kafin ya danne sosai.

Ya durƙusa ya kankare farantin har ya yi ƙyalli. Ya sauke hannun a hankali, sai da ya ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ya danna sifili. Ya farfasa bulo ɗari ukun ya sake farawa, Rahila tana kawo ruwa tana yi masa tsiya. Ranar da ruwan farko ya sauka, suna cikin ɗakin, da gari ya waye haske ya shigo ta tagar gabas.

Ga ma'anar misalin nan. Ma'aunin shi ne lamirinmu, wanda Allah ya sa a ɓoye cikin kowa. Busasshen simintin shi ne ƙaramin zunubin da muka bari ya kwana, har muka fara ƙirga daga kansa. Zuciya za ta ce mana lafiya lau, alhali abin da muke ginawa yana zubewa. Rahila ita ce mai ƙaunar da Ubangiji yakan aiko ya faɗa mana gaskiya. 'Yan'uwa, ma'aunin bai lalace ba. Mu durƙusa mu kankare, mu sauka har ƙasa a gaban Ubangiji, mu fara ƙirga daga can. Har yanzu ruwan bai sauko ba.