Dutsen Niƙan Iya Tabawa

Dalilin da ya sa matan garinmu ke kife dutsen niƙa in za a baro gonakin kufai bayan kaka, to ku matso in gaya muku. Ku rage murya, don jikokin Sallau ba sa son a tada zancen.

Da can a kufan nan garinmu yake, bayan tsauni, tafiyar wuni guda. Rijiya ta ƙafe, mutane suka kwashe kaya suka dawo nan. Shekaru suka yi ta wucewa, ruwan sama ya cinye katangu, wurin ya koma daji.

Sai gonakin nan gida suka gaji, gero ya daina yi. Maigari ya ce a koma noman kufai. Ashe wani mai dukiya, Sallau, daga garin ƙetare, ya riga ya tura mutanensa suna sara. Aka je gaban hakimi.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, daji ne. Ko kaza ba ta taɓa kwana a wurin ba."

Hakimi ya ce, "Kwana bakwai na ba ku. Ku nuna min alamar an zauna, in ba haka ba ƙasa ta Sallau ce."

Maza suka tafi. Kwana shida suna tono ba su ga komai ba. In sun gaji sai su zauna kan wani dutse a gindin tsamiya su sha fura.

Akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, tana 'yar ƙarama aka baro kufan. Ta ce a kai ta. Maigari ya ce, "Iya, ƙarti sun kasa, ke da ko gani ba kya yi sosai?"

Ta ce, "Ɗan nan, kawo jaki ka bar surutu."

Rana ta bakwai aka kai ta, hakimi na nan, Sallau na nan yana murmushi. Ta ce a sauke ta gindin tsamiya. Ta lalluba, ta taɓa gwiwar wani ƙato da ke zaune kan dutsen nan.

Ta ce, "Tashi min daga kan kayan uwata."

Aka yi dariya. Ta ce, "Ranar da za mu tashi, dutsen niƙanmu ya fi ƙarfin jaki. Inna ta kife shi don kar ruwa ya kwanta ciki, ta sa ɗan dutsen a ƙasa. Gefensa guda a ɓare yake, ni na yar da shi, har na sha duka."

Mutum uku suka juya dutsen. Ga cikinsa sumul, ya lotsa don niƙa. Ga ɗan dutsen kwance, gefe a ɓare.

Hakimi ya dubi Sallau ya ce, "Kazar da ba ta kwana ba, ita ta yi niƙan?"

Sallau ya ɗauki gatarinsa ya wuce. Shekarar nan gero ya yi har rumbuna suka kasa.

Shi ya sa har yau in an gama kaka a kufai, kowace mace sai ta kife dutsenta da ɗansa a ƙasa. In kuma namiji ya zauna a kai, sai a ce masa, "Tashi min daga kan kayan uwata."