Masaukin da Sanduna Suke Tsiro

A wata ƙasa mai duwatsu akwai wani mutum, masassaƙi, wanda ya daɗe da barin garinsu. Garin yana can ƙwanƙolin tsauni, inda sai ƙafa take kai mutum. Wata rana saƙo ya iso masa cewa mahaifinsa ya tsufa, yana so ya ga 'ya'yansa kafin ya rufe ido. Mutumin kuwa yana da wa, wanda ya kama hanyar gida shekaru da yawa da suka wuce, amma bai isa ba, ba a kuma sāke jin ɗuriyarsa ba.

Sai ya ɗauki sandarsa da ɗan guzuri, ya fara hawa. Masaukan ƙauyukan kan dutse ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗakin ciyawa, tabarma, ƙwaryar kunu, sai sanyi mai ratsa ƙashi. Ba mai sha'awar ƙara kwana a irin wannan wuri, saboda haka kullum asuba tana yi masa a hanya.

Ran nan da la'asar gajimare ya sauko ya rufe ko'ina. Mutumin ya ji ƙanshin miya, ya bi, ya tarar da wani masauki shi kaɗai. Ba gida kusa, ba kukan kaza, ba haushin kare. A bakin ƙofa akwai waɗansu itatuwa sirara, miƙaƙƙu, a jere. Ya kafa sandarsa a gefensu.

Mai masaukin ya tarye shi da murmushi, ya ce, "Sannu da hanya, baƙo. Shigo, ga wuta."

A ciki mutane suna zaune kewaye da wutar, shiru, kowa ya lulluɓa da bargo. Aka ba shi tuwo mai zafi da gado mai laushi. Da gari ya waye ya saɓi jakarsa, sai mai masaukin ya ce, "Haba, cikin wannan gajimare? Bari sai gobe." Mutumin ya leƙa waje, ya koma ya zauna. Kashegari ma haka, har ya daina sanin ranar da ake ciki.

Wata safiya wani tsoho kusa da shi ya yi tari, bargon ya zame daga kansa. Mutumin ya ga tabon ƙuna a wuyansa, tabon da ya sani tun suna yara.

"Yaya! Kai ne?"

Tsohon ya juyo a hankali. "Ƙanena? Ai gida za ni. Shekaranjiya na iso nan, gajimare nake jira ya wuce."

"Wace shekaranjiya, Yaya? Kanka ya yi fari fat! Baba yana kiranmu, tashi mu tafi yanzu."

Tsohon ya ja bargonsa, ya ce, "Gobe." Sai dukan waɗanda suke zaune suka amsa tare, ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗaga kai: "Gobe."

Mutumin ya kama hannun wansa ya ja, ya roƙe shi da hawaye, amma tsohon ya ƙi motsi. Ƙanen ya fita a guje, ya kai hannu ga sandarsa, ta ƙi fita. Ya duba, sai ga ɗanyen ganye a jikinta. A nan ya gane itatuwan nan sandunan matafiya ne. Ya fizge ta da dukan ƙarfinsa har saiwoyin suka tsinke. Daga baya ya ji muryar mai masaukin, a tausashe: "Baƙo, kununka yana hucewa." Bai waiwaya ba.

Cikin gajimaren taki ɗaya kawai yake gani. In ya taka, sai wani ya bayyana. Ya fāɗi, ya ƙuje gwiwa, ya tashi, har ya isa gida. Mahaifinsa ya rungume shi yana kuka, sa'an nan ya dubi hanya ta bayan kafaɗarsa, ya ce, "Kai kaɗai ne?"

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Mahaifin nan Allah ne, yana kiranmu gida. Masaukin kuwa shi ne duk wani jin daɗin da yake sa mu ɗaga tuba. Mutanen nan ba wanda ya ce ba zai je ba. Kowannensu yana da niyya, niyyar ce ta tsufa tare da shi. Wani a cikinmu yana jira ya gama gini kafin ya bi Ubangiji, wata tana jira fushinta ya huce kafin ta gafarta wa 'yar'uwarta. Gajimaren ba zai wuce ba. Ubangiji bai ce zai nuna maka dukan hanyar ba, amma takin da yake gabanka kana ganinsa. Tashi yau ka taka.