Turke a Gonar Ladingo

A zamanin da, lokacin da bakin dattijo ya fi takobi kaifi, an yi wani Sarki wanda rigimar gonaki ta hana shi sakat. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ƙofar alƙali ta cika, wannan ya ce an ci masa iyaka, wancan ya ce an cinye masa gado. Alƙali ya yanke hukunci, 'yan'uwa su fita ba sa ga maciji da juna. Saboda haka Sarki ya gina Zauren Sulhu, ya damƙa shi ga wazirinsa, Waziri Cindo. Ya ce duk rigimar gona a fara kai ta can, a ji bakin kowa, sannan a fasa goro ɗaya a raba wa masu rigima, magana ta mutu.

To, amma wa zai duba masu sulhun su kansu? Sai Sarki ya kira wani malami mai suna Gwadabe, wanda ba ya cin tuwon fada, ba ya shan furar Zaure, ya naɗa shi Mai-Waiwaye. Ya ce masa, "Malam, ban sa ka ka gaya mini gona ta wane ce ba. Abu ɗaya za ka duba mini: shin an ji bakin kowa kafin a fasa goro?" Aka kuma kafa doka, duk wanda ya kai kuka wurin Mai-Waiwaye, a kafa turke a gonar da ake rigima a kanta, a ɗaura masa jan ƙyalle. Fartanya ba za ta taɓa ƙasar ba sai Malam ya yi magana.

Ba a daɗe ba Malam Gwadabe ya mayar wa Zaure sulhun da aka yi da gaggawa, ya ce a sake. Abin ya soki Waziri, amma tsohon makiri ne, bai nuna ba. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mutum irin Malam Gwadabe ai ɓarna ce a tsare shi a kan abu ɗaya. A buɗe masa ƙofa, duk mai kuka ya je gare shi." Sarki ya ji daɗi, aka yi shela.

Kai, jama'a! Wani yabon gara a zage ka. Kuma kada in ɓoye muku laifin Malam, domin yana da nasa: bai iya cewa a'a ba, ga shi yabon ya shige shi. Wanda akuya ta ci masa ganyen rogo ya zo. Wanda indararon maƙwabci ke zuba masa ruwa a katanga ya zo. Wanda aka yi masa sulhu lafiya lau, ya kwana ya tashi ya ji rabonsa ya yi masa kaɗan, shi ma ya zo. Malam ya karɓi kowa, kowa da ya ambaci gona aka kafa masa turke, har jan ƙyalle ya yi tsada a kasuwa.

A cikin masu jiran nan akwai wata mace, Ladingo. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu ƙanana da gona guda. Tana cikin takaba ƙanin mijin, Makau, ya kai maganar gonar Zaure. Waziri da kansa ya zauna, ya ji bakin Makau, ya ce mai takaba ba ta fita, ya ba Makau gonar. Ya fasa goro, ya aika mata da rabinta har ɗaki. Ladingo ba ta ci ba, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ranar da ta fita takaba ta kai kuka, aka kafa turke, aka ce ta bi layi.

Ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse gona. Ladingo tana da ƙwarya ɗaya ta irin gero a rataye, rumbu kuwa ya riga ya nuna gindi. In ta shuka, su rayu baɗi. In ta daka, su rayu yau. Geron maƙwabta ya tsiro, har aka fara noman farko, ita tana zaune a ƙofar Malam tun safe har rana ta karkata.

Wata rana ta tare shi a bakin zaure, idonsa ya yi ja don gajiya.

"Allah gafarta Malam, yaushe za a zo kaina?"

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah, akwai na gabanki."

"Na gabana akuya ce ta ci masa ganye, Malam. Ni 'ya'yana sun fara ɗaga kai suna kallon iri. Ba cewa na yi ka ba ni gona ba. Cewa na yi ba a ji ni ba. Ba don irina aka naɗa maka rawanin nan ba?"

Kunya ta lulluɓe Malam, kuma ta dace da shi. Kafin ya dawo hayyacinsa sai ga dogari, wai Sarki na kira.

Ya tarar da fada tsit, Sarki ya murtuke fuska, Waziri na gefe ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Sarki ya ce, "Malam, an gaya mini gonakin ƙasata sun cika da turaku, ciyawa na cin su. Yunwa ka shirya mini?"

Waziri ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki ne ya yi masa yawa. Ko dai a soke muƙamin, ko in ba shi mutanena na Zaure su taya shi dubawa."

Malam Gwadabe ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda aka sa ni in duba aikinsa, shi zai ara mini ido? In na karɓa, na zama ɗan Zaure mai rawani daban. Laifi kuwa nawa ne, na ɗauki abin da ba a aike ni ba. Roƙona ɗaya: rigar da aka ƙara mini ta fi ƙarfina, a rage ta, a mayar da ni inda ka fara ajiye ni."

Sarki ya dube shi da mamaki, domin tun da ya hau gado bai taɓa ganin wanda ya roƙi a rage masa iko ba. Ya nuna gabas, inda hadari ya yi baƙi ƙirin, ya ce, "Manoma sun ce bayan wannan ruwan babu sauran shukar gero. In ya sauka akwai turken da ba ka yi magana a kansa ba, rawanin nan ya bar kanka, Zaure kuma ya zauna ba mai duba shi. Ta yaya za ka tace taron nan?"

"A kira su nan, a kira masu sulhunsu."

Aka tara su a ƙofar fada, iska ta fara kaɗa riguna. Malam ya ce duk wanda maganarsa ba ta taɓa zuwa Zaure ba ya tashi ya tafi can, ƙofarsa ba ta farko ba ce. Mai akuya da mai indararo suka tashi suna gunaguni. Sauran duk suka ɗaga murya, "Ba a ji mu ba!" Ai dama, wa zai ce an ji shi?

Malam bai yi musu da kowa ba. Sai ya riƙa tsayar da mai kuka, ya dubi dattijon da ya yi masa sulhu ya ce, "Faɗi abin da mutumin nan ya faɗa a Zaure." Dattijo ya zayyana. Mai kuka ya ce, "Haka na ce, amma..." Malam ya ce, "An ji ka ke nan. In rabon ne bai yi maka ba, ga hanyar gidan alƙali. A cire turke." Haka ya yi ta yi, taro na raguwa, tsawa na matsowa, har ya rage saura Ladingo.

"Wa ya yi miki sulhu?"

Ta nuna Waziri.

Malam ya juya, bai sunkuya ba. "Ranka ya daɗe Waziri, me matar nan ta ce?"

Waziri ya gyara zama. "Makau ya ce ita..."

"Ban tambayi abin da Makau ya ce ba. Ita, me ta ce?"

Ladingo ta kwance bakin zanenta, ta ajiye rabin goro a gaban Sarki, ya bushe ƙayau, babu tabon haƙori ko ɗaya.

Sarki ya fusata ya ce, "Malam, ba ta gonar duka!"

"Allah ya huci zuciyarka, ban san gonar ta wane ce ba, kuma ba a sa ni in sani ba. In na ba ta yanzu, na yi wa Makau abin da aka yi mata. A mayar da su Zaure, wani dattijo ya zauna, a ji su duka biyu."

Ladingo ta harare shi, ta ga gona ta zo hannunta ya janye. Amma aka tafi. A Zaure ta ce ita ba ta taɓa musun Makau na da rabo ba, gonar ubansu ce, shi da mijinta. Rabon marayu kawai take so a bar mata ta noma. Makau ya rufe fuska da hannun riga ya ce wallahi ya ɗauka duka take nema. Aka ja iyaka, aka fasa sabon goro, ta ci nata a gaban kowa.

Ɗigon farko na sauka Malam Gwadabe ya tumɓuke turken da hannunsa. Ya ce, "Maza ɗauko irinki, Ladingo."

Ta dube shi ta ce, "Jiya na daka shi, Malam. Ƙaramin ya kwana yana kuka."

Malam ya tsaya cikin ruwa da turke a hannu, ya kasa ɗaga ƙafa.

Da labari ya kai fada, Sarki ya tuɓe Waziri Cindo daga Zaure, ya sa aka buɗe rumbun fada, a ci da Ladingo da marayunta har kaka, a kuma ba ta irin wake, tunda lokacin gero ya wuce. Ya mayar da dokar farko, ya ce in damina ta kusa unguwanni su zaɓo wa Malam mataimaki, wanda shi ma ba ya cin tuwon fada ko na Zaure. Malam da kansa ya bi Ladingo gona yana saran rami tana jefa wake.

Turken nan kuwa bai yar ba, a bakin zaurensa ya kafa shi. Duk wanda ya zo da kukan da ba nasa ba, sai ya nuna masa hanya da ladabi. Wasu su ce Malam ya yi tauri, ba ya tausayin mutane. Sai ya dubi jan ƙyallen, ya ce a shigo da na gaba.

Nan hikayar ta tsaya. Allah ya sa kowa ya san iyakar gonarsa.