Kwalin Mama Biriskila

Akwai wata mata a wata ikilisiya can kan tudu, inda sanyi yake shiga har cikin ƙashi, sunanta Mama Biriskila. Shekara ashirin ba a sami wadda ta kama ƙafarta a saƙar kwarashi ba. Ana cewa ko barci take yi yatsunta ba sa hutawa. Ni dai ban leƙa ba.

Wata rana matar fasto ta tara matan zumunta, ta ce, "Kaka Saraya ta tsufa, idonta ya tafi, sanyi kuma yana damunta. Za mu saƙa mata bargo. Kowace mace ta saƙa falle ɗaya a rana, kwana talatin ba fashi, a ƙarshe mu harhaɗa." Ta yanka kwali daidai tafin hannu, ta ba kowa nata, ta ce, "Ga ma'auninku. Kada ya wuce, kada ya gaza."

Mama Biriskila ta yi murna ƙwarai, gama Kaka Saraya ce ta koya mata riƙon kwarashi tun tana yarinya. Ta ce a ranta, "Tsohuwa na shafa bargon nan za ta gane hannuna."

A cikinsu kuwa akwai wata Jummai, mai tuyar ƙosai, wadda ba ta taɓa saƙa ko igiyar zani ba. Kowace safiya bayan addu'a sukan rataye abin da suka saƙa a barandar coci. Na Jummai na fari ya fito a karkace kamar kunnen akuya, na biyu ya ɗan miƙe. A rana ta biyar mata suka yi guɗa.

"Kai, Jummai! Hannunki ya fara faɗawa!"

"Wallahi sau uku na warware shi," in ji Jummai, tana rufe fuska.

Na Mama Biriskila yana rataye a gefe, santal, ba wadda ta dube shi, gama an riga an saba. Ta kwashe kayan saƙarta ta koma gida.

Kashegari ta ƙara layi biyu a nata. Aka ce, "Sannu, Mama," aka koma kan Jummai. Sai ta ƙara fure. Sai tsuntsu a kan furen. Na farko-farkon ma ta kwashe su ta warware, ta sake saƙa su manya, don kada a ga sun yi kai ɗaya da na mai ƙosai. Kafin kwana ashirin fallenta ya kai faifai, wasu ma sun ce sun ga kaza ta kwanta a kan ɗaya da 'ya'yanta tara, har da sauran wuri.

Matar fasto ta ja ta gefe. "Mama, ina kwalinki?"

"Kwali ai na 'yan koyo ne, 'yata. Na hura wuta da shi."

Ranar talatin aka shimfiɗa tabarma aka fara harhaɗawa. Na kowa ya zauna da na maƙwabciyarsa, baki da baki, har na Jummai. Aka ɗauko na Mama Biriskila, aka juya shi nan, aka juya shi can, ya ƙi shiga ko'ina. Duka talatin ɗin aka jera su a kan benci, kowa yana cewa, "Kai, amma sun yi kyau."

Suka kai wa Kaka Saraya bargo. Tsohuwa ta bi shi da yatsu, falle falle. "Wannan na 'yar koyo ne, Ubangiji ya sa mata albarka, ta yi haƙuri." Ta shafa har ƙarshe, ta sake komowa farko, sa'an nan ta ɗaga kai.

"Biriskila ba ta da lafiya ne? Ban ji hannunta ba."

Mama Biriskila tana tsaye a bakin ƙofa, lafiyarta ƙalau.

To, 'yan'uwa, ma'anar misalin nan ita ce: bargon shi ne aikin Ubangiji a cikin ikilisiya, kwalin kuwa shi ne rabon da ya ba kowannenmu na kowace rana. Mama Biriskila ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, ta ma fi kowa wahala. Amma tun rana ta biyar ta daina saƙa wa Kaka, ta koma saƙa wa Jummai amsa. Kishi yana tayar da mutum da sassafe, yana sa shi aiki har yatsu su yi kanta, sai dai abin da ya fito ba ya haɗuwa da na kowa. Ke mai waƙa a zumunta, kai mai shara, kai mai wa'azi, in ka ji an yabi ɗan'uwanka kishi ya kama ka, koma gida ka nemi kwalinka tun ba ka hura wuta da shi ba.