Mai Famfo da Sirrin da Ya Hana Hukuma

Mai gyaran famfo na layinmu ya ƙirƙiro abin da zai amfani duniya. Matsalar dai ita ce bai yarda da duniyar ba.

Mutumin kirki ne, ga iya aikin hannu, sai dai ko gaishe shi ka yi sai ya duba aljihunsa. Ya daɗe a ɗan shagonsa yana fama da guntayen bututu, har ya haɗa wani kan famfo da ke tsayar da ruwa da kansa idan tanki ya cika. Duk dabarar tana jikin wata 'yar lanƙwasasshiyar waya da ke cikinsa.

Surukinsa ya ba shi shawara ya je ofishin rajistar ƙirƙira kafin wani ya riga shi. Ya je, ya kai zane. Jami'ar da ke duba zanen ta juya shi sama da ƙasa.

"Baba, wannan ai murfi ne kawai. Ina abin da ke tsayar da ruwan?"

"Yana nan inda yake, 'yata."

"To ka bayyana shi mana. Ciniki ne: kai ka faɗa wa jama'a yadda ake yi, hukuma kuma ta hana kowa kwaikwayonka na wasu shekaru."

"In na faɗa, me ya rage da za ki tsare min?"

Ta yi bayani har muryarta ta dushe. Shi kuwa gani yake wayo ake son yi masa. A ƙarshe aka ba shi shaidar mallaka a kan abin da ya yarda ya bayyana, wato murfi mai kusurwa shida.

Kayansa suka karɓu a kasuwa. Wani kamfani ya sayi guda ɗaya, ya kwance shi da sukundireba, ya ga wayar. Ba a jima ba nasu ya cika shaguna, da murfi zagayayye.

Mai famfo ya garzaya kotu. Alƙali ya saurare shi da tausayi, sannan ya tambaya a wane shafi na shaidar mallakar aka ambaci waya. Babu shafin. Aka kori ƙara.

Ya koma gida. Matarsa ta ajiye masa ruwa ta ce, "Maigida, ni da muka tsufa tare ka hana ni ganin wayar nan, hukuma ma ka hana ta. Amma duk wanda ya zo saye, kai da kanka kake ƙunshe masa ita a leda."

Darasin a fili yake: taka-tsantsan abu ne mai kyau, amma wanda ya ɓoye wa mai gadi ƙofar da zai tsare, kada ya yi kuka in an shiga. Doka tana kare abin da ka bayyana ne, ba abin da ka riƙe a ciki ba. Shaidar mallakar mai famfo dai tana nan da ƙarfinta, kuma har yau babu wanda ya taɓa kwaikwayon murfin.