Allura, Zare da Bakin Matakala

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, har matarsa. Aikinsa duba gine-gine ne kafin a bar ma'aikata su hau. Idan ya shiga wurin gini da hular kwanonsa da ɗan littafinsa, ko ƙusa ya gani a ƙasa sai an tsince ta kafin ya ɗaga ƙafa. Ba a ja da shi, domin sau da yawa shi ke da gaskiya. Abin da ya cuce shi ke nan: ya saba da yin daidai har ya daina tambaya.

Yana zaune a saman wani gidan bene tare da matarsa, wadda mahaifinta ke kira Auta, tana da ciki wata bakwai. Mahaifin nata, wanda suke kira Baba, shi ma yana tare da su. Tsohon tela ne, ya ajiye keken ɗinki shekara biyu da suka wuce saboda ido ya yi rauni. Ya zo gidan da akwati ɗaya, da almakashinsa, da maguna biyu.

Baƙar siririyar ya sa mata suna Allura. Jan mai ƙiba kuma Zare, domin duk inda Allura ta bi, nan yake bi. Kowanne da ɗan ƙyalle a wuya, ɗinkin Baba, na Allura har da 'yar ƙararrawa.

Magunan nan ba su da aikin da ya wuce shiga ƙafar mutane. Ka fito daga wanka, suna nan. Ka ɗauko tire, sun gifta. Sau biyu Injiniya yana taka wutsiyar Zare, sau ɗaya kuma ya dungura kan kujera da kofin shayi a hannu.

Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne inda Baba yake ba su abinci. Daga ƙofar gidan akwai ɗan fili na taku kaɗan, sai matakala goma sha huɗu zuwa ƙasa. Kullum da hantsi Baba yakan sauka ya zauna a bencin mai shagon ƙasa. Allura takan ruga gaba ta tsaya daidai bakin matakalar, Zare na bayanta. A nan Baba yake ciro busasshen kifi daga aljihu ya ba su, sannan ya dafa ƙarfe ya sauka. Ba ya ba su a kicin, ba ya ba su a ɗaki. Sai nan.

"Baba, duk faɗin gidan nan babu wurin da ya fi wannan hatsari," in ji Injiniya wata rana. "Ku bari in sayo musu kwano a ajiye a kicin."

"Sun saba da nan."

"Dabba ce, za ta saba da ko'ina."

"Ni ne ban saba ba," in ji Baba, ya ci gaba da murza kifinsa.

Injiniya ya haɗiye maganar, amma ba ta wuce masa ba.

Ranar wata Talata, Auta ta fito daga kicin da tukunyar ruwan zafi. Zare ya gifta tsakanin ƙafafunta. Ta yi taga-taga, ta saki tukunyar, ta dafe bango da hannu biyu. Ruwan ya malale a ƙasa, kaɗan ya fallatsar mata a ƙafa. Ba ta faɗi ba, amma ta daɗe a tsaye tana riƙe da cikinta, tana numfashi sama-sama.

Injiniya ya ga komai. Bai ɗaga murya ba. Ya goge ruwan, ya zaunar da ita, ya shafa mata magani.

"Magunan nan sun gama zama a gidan nan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, don Allah. Su kaɗai suka rage masa. Ka bari in yi masa magana a hankali."

"Kin yi wata shida kina yi masa magana a hankali."

"To ka ba ni mako ɗaya."

Ya tashi ya ɗauke tukunyar ya kai kicin.

Washegari da safe, Auta na wanka, ƙofar Baba a rufe, ya yaudari magunan da kifi, ya tura su cikin kwali, ya naɗe da igiya. Ya kai su siton kayan gini na wurin aikinsa, can ɗaya gefen gari, ya ce wa maigadi ga maganin ɓeraye ya kawo masa.

Ku lura da kyau. Tsoronsa gaskiya ne, babu mai musun wannan. Amma kayan ba nasa ba ne, kuma mai kayan yana bayan ƙofa, taku biyar daga inda yake tsaye. Bai ƙwanƙwasa ba.

Bai tsaya nan ba. Da ya dawo da yamma ya bi gidan da idon aiki. Ya naɗe 'yar dardumar da ke bakin ƙofa, wai tana zamewa. Ya janye akwatin takalma daga filin matakala, wai yana tare hanya. Gida ya zama fes, babu abin tuntuɓe ko ɗaya.

"Ina magunan?" Auta ta tambaya.

"Ƙila an bar ƙofa a buɗe ne. Kin san halin mage."

Ta dube shi, ya kawar da kai. Baba yana zaune a kujerarsa, hannuwansa a kan gwiwa. Bai ce uffan ba.

Kwana huɗu Baba bai sauka ba. Ya ce gwiwa ke damunsa. Mai shago ya aiko a tambayi lafiya, aka ce da sauƙi. Abinci ma sai an kai masa ɗaki. Idan zai shiga banɗaki yakan jira sai ya ji babu kowa a falo. Injiniya ya lura da haka, ya ce a ransa fushin tsofaffi ne, zai huce.

Rana ta biyar Auta ta tafi awo asibiti. Injiniya ya fita aiki, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya tuna ya bar zanen gini a kan tebur. Ya juyo gida.

Yana shigowa ƙasan benen ya ga wata farar mage ta maƙwabta a ƙarƙashin matakala, tana ta kuka. Ya wuce ta. Ya hau taki uku ke nan sai ya ji an buɗe ƙofa a sama.

"Allura? Ke ce?"

Baba ne, ba takalmi, hannunsa ɗaya a cikin aljihu. Ya tako ɗaya, ya shafa ƙasa da tafin ƙafa yana neman darduma. Babu. Ya miƙa hannu gefe, inda akwatin takalma yake a da. Iska ya kama.

Injiniya ya tsaya cak. Yana tsaye a sarari, rana na haska farar rigarsa ta taga, matakala goma sha ɗaya tsakaninsu. Fuskar Baba tana kallonsa sosai. Amma tsohon bai ce masa komai ba.

Magen ƙasa ta sake kuka.

"Tsaya nan, 'yar nan, ina zuwa. Ina ƙararrawarki?"

Ya sake takowa. Ya sake. Ƙarfen dafawa yana hagunsa, shi kuwa dama yake lalube. Yatsun ƙafarsa suka kai bakin matakalar, bai sani ba. Injiniya ya buɗe baki, sai ya tuna abin da yake koya wa ma'aikata: mutumin da ke bakin rami ba a daka masa tsawa, firgita ke jefa shi. Ya saki makullansa, ya haura da gudu, bibbiyu.

Ƙafar Baba ta taka iska.

A matakala ta uku daga sama suka haɗu. Tsohon ya faɗo masa a ƙirji, nauyin ya juya su duka, Injiniya ya kai hannun dama ƙasa don ya tare. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Suka zame taki biyu, suka tsaya, shi a ƙasa, Baba a kansa.

Fuskar Baba ba ta fi tafin hannu ɗaya daga tasa ba.

"Wane ne?" in ji Baba. "Bawan Allah, wane ne?"

Zafin hannun ya ɓace wa Injiniya na ɗan lokaci.

"Baba, ni ne."

"Injiniya."

"Ba kwa ganina?"

Tsohon ya lallaɓa ya zauna a kan matakala, ya gyara hularsa.

"Rabon da in ga fuskar mutum, shekara guda ke nan da wata uku. Haske da duhu kawai nake rarrabewa."

"Auta ta sani?"

"Da ta sani, da ta bar aikinta ta zauna gadina, da cikinta da komai. Ku kulle ni a ɗaki kamar tsohon keke." Ya ciro kifin daga aljihu, ya murƙushe a faɗuwar. "Tun ido na ɗan gani na fara ba su abinci a bakin matakala. Wata takwas ina koya wa Allura. Inda ƙararrawa ta tsaya, nan ƙasa ta ƙare. Ƙidayar taku takan ɓace wa tsoho, amma mage ba ta manta inda take ci."

Injiniya ya riƙe hannunsa da ya fara kumbura.

"Baba, ƙofar da aka bari a buɗe..."

"Kada ka ƙara wata ƙaryar a kan wadda ka yi. Na ji lokacin da ka sa su a kwali. Ƙararrawar ta yi ta kaɗawa har ka kai ƙasa. Na yi shiru ne don kada in shiga tsakaninka da matarka."

"Ku yi haƙuri, Baba. Wallahi tsoro ne. Auta ta kusa..."

"Na san abin da ya kusa faruwa, ina da kunne. Da ka zo ka ce mini, Baba, ga abin da ake ciki, da na ɗaure su a ɗakina sai lokacin sauka. Ni tela ne, ɗan nan. Ba a yanka yadin mutum sai an auna shi, an kuma tambaye shi. Kai ka yanka, sannan kake neman awo." Ya kakkaɓe tafinsa. "Haƙuri na ji. Amma ba shi na rasa ba. Ka dawo mini da kayana. Kuma da bakinka za ka gaya wa Auta abin da ka yi. Nawa ɓoyon, ni zan faɗa mata."

Haka aka yi. A asibiti, ana naɗa masa filasta, ya gaya mata. Ba ta yi masa faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Tambaya ɗaya ta yi: "Mako ɗaya na roƙa. Ya yi maka yawa?"

Daga asibitin ya wuce sito, hannu rataye a wuya.

"Jan yana bayan buhunan siminti," in ji maigadi. "Ko ruwa sai na tura masa. Ɓeraye ma sun raina shi, ta gabansa suke wucewa."

"Baƙar fa?"

"Ai ita tun ranar farko ta bi ta ƙarƙashin ƙofa. Na ji 'yar ƙararrawarta ta yi wajen babban titi."

Kwana tara Injiniya yana nema. Ya bi bayan shaguna, ya leƙa kwalbatoci, ya tambayi masu shara da masu wankin mota. Mutumin da ba ya tambayar kowa, sai ga shi yana tsayar da baƙi a hanya: don Allah, ko kun ga wata baƙar mage mai ƙararrawa? Tsakanin siton da gidan akwai manyan tituna uku. Ba a ga Allura ba, ko ƙyallenta.

Zare kuwa Injiniya ya dawo da shi gida, ya rame. Da safe Baba ya buɗe ƙofa, sai Zare ya tsaya a tsakiyar fili yana waige-waige. Bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Bin baya kawai ya iya.

An mayar da darduma, an mayar da akwatin takalma. Auta ta ce ita za ta riƙa sauka da mahaifinta. Baba ya ce da wannan cikin, ko kusa.

Yanzu kullum da hantsi Injiniya yakan baro wurin aiki ya dawo gida. Yakan shiga gaba, makullai a hannun hagu yana kaɗa su, ya je bakin matakala ya tsaya. Zare na biye da shi. Baba na biye da ƙarar.

Ranar farko, da makullan suka yi shiru, Baba ya tsaya, hannunsa ya shiga aljihu bisa sabo. Ya ciro kifi, ya miƙa gaba.

"Baba, ni ne," in ji Injiniya.

"Na sani. Allura ba ta taɓa makara ba." Ya sunkuya ya ba Zare, ya dafa ƙarfe. "Matsa, kana shiga ƙafata."

Har yau, kafin ya sauka, yakan ɗan karkata kai ya saurari titi.

Darasi: Abin da kake gani tarkace a hannun tsoho, wataƙila shi ne sandarsa. Iliminka bai ba ka izinin taɓa kayan wani ba, kyakkyawar niyya kuma ba ta wanke wanda bai yi tambaya ba. Idan ka san ka ɗauke wa wani babba abinsa a ɓoye, kada ka tsaya a "yi haƙuri". Je ka faɗa da bakinka, ka mayar masa yau, tun abin yana mayaruwa. Ku tura wannan ga duk mai zaune da tsoho a gida.